Shekarar da Na Karanta wa Jan-baki Labarai

Ranar Talatar da ta wuce na raka ɗan ƙanena fadama, can bayan Guri, zai duba shinkafarsa. Mun bar mota a bakin hanya muna takawa a ƙasa, sai na ji muryar wata yarinya daga tsakiyar gona tana karanta labaran duniya cikin natsuwa. Na waiga gabas, na waiga yamma, ban ga kowa ba. Ashe rediyo ce aka ɗaure a kan sanda, aka rufa mata leda saboda raɓa, aka ƙure muryarta.

Na ce, "Wannan kuma fa?"

Ya ce, "Baba, tsuntsun nan jan-baki ne ya dame mu bana. In sun ji magana sai su zaci akwai mutum."

Na yi dariya har sai da na dafa kafaɗarsa. Daga yadda ya kalle ni na san ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina karanta labarai a talabijin kafin in ajiye aiki. A tsawon wannan lokaci babu tambayar da aka fi yi mini kamar, "Alhaji, a ina ka koyo muryar nan? Ingila aka tura ka?" Nakan gyara hula in yi murmushi, in bar mutum da zatonsa. Amma gaskiyar magana ita ce, a wannan fadamar na koye ta, kuma waɗanda suka fara saurarona tsuntsaye ne.

Saura 'yan shekaru Turawa su tafi a lokacin. Daminar da ta gabaci wadda nake magana ruwa ya yi mana ɓarna. Kogi ya cika ya tumbatsa tun gero bai fid da kai ba, ya haura gonakin tudu ya kwanta a kansu har karan ya ruɓe. Kafin bazara ta raba, yawancin rumbunan ƙauyenmu sun koma wurin kwanan kaji. Kifi kam akwai shi, ba a rasa ba. Amma duk wanda ya ci tarwaɗa da safe, ya ci da rana, ya ci da yamma, wata biyu babu tuwo, ya san kifi ɗan rakiya ne kawai. Mata suka koma tsinkar tafasa da rama, da shiga ruwa ciro bado. A shanya 'ya'yan badon, a daka, a dama kunu mai launin toka wanda kana gama sha cikinka zai tambaye ka yaushe za a kawo abinci.

Cikin wannan hali na dawo gida daga makarantar midil, ina ɗan shekara sha tara. Na dawo da akwatin ƙarfe, da takalmi sau-ciki, da safa ƙafa biyu, da alƙalami a aljihun gaba. An ce mana za a aiko da takardar ɗaukar aikin akawu, saboda haka na ɗauki kaina baƙo mai jiran tafiya. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, a hannun ƙanensa na tashi, Baffa Sale. Mutum ne dogo, siriri, wanda zai iya wuni bai furta kalma goma ba. Matarsa Inna Fanna ita ce ta karɓi rabonsa na magana ta haɗa da nata. Babarbariya ce, iyayenta daga wajen tafkin Chadi suka taso, gajeriya mai tsage a kumatu, in ta yi faɗa a tsakar gida ana jin ta a mashaya. 'Ya'yansu mata ne uku, duk suna ɗakin mazajensu. Tun ranar da na dawo ta sa mini suna Akawu.

"Akawu, a ɗaga ƙafa zan yi shara."

"Akawu, ga kunun bado, a yi haƙuri yau ba a samu shayi ba."

Da ruwan farko ya sauka, gari duka ya tattara fatansa a kan shinkafa, don irin gero ma an cinye shi. Aka yi gayya gida-gida, aka yi huɗa, aka yafa iri tun ƙasa na da ɗumi. Bayan 'yan makonni ruwan kogi ya fara shigowa fadama a hankali, yau a idon sawu, jibi a ƙwauri, shinkafa tana tashi tare da shi. Lokacin cire ciyawa Baffa ya ce in zo in sa hannu. Na tuɓe takalmi na rataye a reshe, na shiga ruwa ina ɗaga wando. Akwai wata ciyawa da ake kira roba, wadda in ba ka saba ba ba za ka bambanta ta da shinkafa ba. Na duƙufa da himma, don in nuna wa mutane cewa ɗan boko ma ya iya. Da hantsi ya yi Baffa ya zo ya tsaya a kaina. Ya dubi tarin da na cire, ya dubi abin da na bari a tsaye. Na tumɓuke shinkafar tas, na bar roba layi-layi gwanin sha'awa. Ga matsattsaku biyu sun kama ni a sha-raɓa suna shan rabonsu.

Abin da ya ce kawai shi ne, "Je ka gida, Habu."

Na koma gindin ɗorawa na ci gaba da jiran takarda. Takarda ba ta zo ba. Abin da ya zo jan-baki ne.

Wanda bai taɓa ganin saukar jan-baki ba zai ɗauka ƙari ake yi. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, bai kai cikin tafin hannu ba. Amma in suka taso daga cikin ƙyauro da sassafe sai ka ce hayaƙin gobara ne, su murɗa nan, su murɗa can, da wata irin ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Kuma sun san lokaci. Ba sa zuwa sai shinkafa ta fid da kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa kamar nono. Su sauka a gona, kafin ka gama alwala sun tashi, sun bar maka ƙaiƙayi a tsaye.

Duk gidan da ke da yara ya tura su tsaro. Mu ba mu da yara. Ranar nan bayan magariba muna zaune da akushin kifi, Baffa ya ce, "Gobe za ka hau rumfa."

Na ce, "Baffa, ni? Ai korar tsuntsu aikin yara ne."

Ya ce, "Na manya mun gwada ka."

Inna Fanna ta kusa ƙwarewa da dariya.

Rumfar ba wani abu ba ce, gwafanni ne huɗu aka kafa cikin ruwa, aka gitta itace, aka shimfiɗa zana a sama, tsawonta ya ɗan fi mutum. Daga jikinta aka ja igiyoyin kaba zuwa kusurwoyin gona, aka rataya musu gwangwanaye da fasassun ƙwarya, in ka girgiza su yi ƙara. Da an sallame asuba sai in kama hanya, in ratsa ruwa mai sanyi har ƙugu, in hau. Tsuntsu yakan matsa daga fitowar rana zuwa hantsi, ya je ya huta da tsakar rana kamar ma'aikacin gwamnati, ya dawo da la'asar har faɗuwar rana. Da safe sauro ya ci ka, da rana zafi ya taso daga ruwa kamar tururin tukunya, ga warin laka, ga yunwa tana murɗa hanji. Da azahar Inna ta aiko ko ta kawo da kanta, kunun bado da busasshen kifi.

An ba ni majaujawa. Jifan farko curin laka ya zagayo ya same ni a bayan kunne, na ajiye ta. Sai ihu ya rage. Yaran da ke sauran rumfuna suna ta "Haa! Yaa! Haa!" Ni kuwa da na buɗe baki sai kunya ta kama ni. Mutumin da ya yi midil, mai alƙalami, ya tsaya a kan zana yana haa-haa? Kwana biyu ina girgiza igiya kawai, tsuntsayen suna kallona suna ci.

A rana ta uku dabara ta zo mini. Akwai tsofaffin jaridu uku da na shimfiɗa a gindin akwatina don kada tsatsa ta ɓata mini kaya, biyu na Hausa, ɗaya ta Turanci. Na ce in dai ihu ne dole, to in yi na masu ilimi. Na naɗe su na cusa cikin hula, na ratsa ruwa. Da baƙin hayaƙin nan ya taso ya nufo gonarmu, na miƙe tsaye, na buɗe ta Turancin, na cika ƙirji, na fara karanta musu tallan wani maganin tari da iyakar ƙarfina.

Wallahi sai suka yi wata irin girgiza a sama, suka karkata, suka bar gonar.

Na ɗauka dace ne. Suka dawo, na ba su sanarwar lamba, wato rigakafin agana. Suka sake tashi. Da na lura sai na gane abin: ihun haa-haa sun saba da shi, sun san yana da farko yana da ƙarshe, sukan ɗan ɗaga su jira ya wuce. Karatu kuwa ba ya yankewa. Kafin mako ya zagayo babu gonar da ta kai ta Baffa lafiya a wannan gefen.

Sai ga sammaci daga Bulama, mai garinmu.

Mai ƙarar maƙwabcinmu ne na gabas, Malam Madu, wani tsohon masunci mai gemu kamar na bunsuru, wanda bai taɓa yarda an fi shi gaskiya ba. Aka zauna da tsakar rana a ƙofar gidan Bulama, lokacin da tsuntsu ke hutu, don kowa ya samu zuwa. Kuma kowa ya zo.

Malam Madu ya ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsu na Allah ne, ban ce wani ya halicce shi ba. Amma da can raba shi muke yi, kowa ya ɗauki rabonsa. Tun da yaron nan ya fara yi musu Turanci, duk suka tattaro suka dawo gonata. Nawa na nan, ga na Sale an ƙaro mini."

Bulama ya juyo gare ni. Dattijo ne mai jiki, yana fifita da maficin kaba. Ya ce, "Kai Habu, tsakaninka da Allah, me kake gaya musu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba komai. Abin da ke cikin jarida ne."

"Kamar me?"

"Kamar maganin tari. Da sanarwar cewa masu lamba suna tafe, kowa ya fito da iyalinsa a tsaga masa hannu."

Bulama ya ajiye mafici. Ya ce, "To ai shi ke nan. Ni kaina in na ji masu lamba na tafe ba na kwana a gari."

Wuri ya kaure da dariya, don kowa ya tuna bara waccan da aka neme shi aka ce ya tafi gaisuwar mutuwa Miga, alhali yana cikin rumbu. Malam Madu kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce shi a ba shi haƙƙinsa: ko dai a hana ni Turanci, ko kuma a yi wa gonarsa ita ma.

Hukuncin da Bulama ya yanke har yau ina ganin hikimarsa. Ya ce a tumɓuke rumfata a kai ta tsakiya, inda gonaki biyar suka haɗu, a ƙara mata tsawo, in riƙa karanta wa kowa. Gidajen biyar kuma su riƙa ciyar da ni bi da bi. Haka aka yi. A shekarar da kowa ke ramewa, ni na fara yin kumatu, don kowace uwar gida tana tsoron a ce a ranar girkinta murya ta yi ƙasa. Wata ta ɓoye ɗan tsakin masara ta dama mini, wata ta sa mini man shanu a kunu. Inna Fanna ta ce, "Alhamdu lillahi, Akawu ya samu aiki. Ofishin ne dai babu rufi."

Abin da ban zata ba shi ne mutane su fara saurare. Murya tana tafiya a kan ruwa fiye da yadda take yi a tudu. Masunta da ke wucewa a kan goran kamun kifi sai su tsaya su ce, "Malam Habu, a yi mana na Hausar." Mata masu cirar bado su yi shiru in na fara. Jaridun nan uku ne tak, kuma sun fi shekara, amma babu wanda ya damu. Labarin wata gada da aka gama a wani gari mai nisa na karanta shi ya fi sau hamsin, kullum sai wani ya ce, "Kai, madalla!" Malam Madu da kansa ya haddace tallan maganin tari, don nakan fassara musu shi da Hausa, in na tsallake layi sai ya ɗago daga cikin shinkafa ya ce, "Ka bar wurin da aka ce a sha cokali biyu."

A nan na fara gane cewa in ka yi sauri, ƙarshen magana yakan nutse kafin ya kai gona ta biyar. Na koyi inda ake tsayawa a ja numfashi, da yadda ake ba kowace kalma haƙƙinta. Kaina kuwa ya kumbura. Na fara zuwa rumfa da alƙalami a aljihu.

Ana cikin haka, wata safiya na hau, na buɗe jarida, na buɗe baki, sai iska kawai ta fito. Murya ta dashe ƙurmus. Na yi kaki, na sha ruwa, na sake gwadawa, abin da ya fito kamar kukan ɗan tsako. Na kama igiyoyi ina girgizawa kamar mahaukaci, na buga gwangwani, na tuɓe riga ina kaɗawa. Yaran da ke kusa an riga an janye su zuwa wasu gonaki tun da aka ce ni na isa. Tsuntsayen suka zagaya sau ɗaya, sau biyu, suka ji shiru, suka sauka a kusurwar gonar Baffa ta arewa. Ina kallo. Na diro na nufe su cikin ruwa ina faɗuwa ina tashi, kafin in isa sun gama.

Baffa ya zo da hantsi. Ya shiga wurin, ya kamo kan shinkafa ɗaya ya murza a tafin hannu, ya hura. Babu abin da ya rage. Ya kamo wani, ya murza, ya hura. Ya yi haka ya fi sau goma, kamar mai fatan ɗaya zai ba shi amsa dabam. Wurin da aka cinye zai ciyar da gidanmu wata guda. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya goge hannunsa a riga.

Kwana biyu Inna ta tsare ni a ɗaki, aka mayar da yara gonakin. Ta dafa citta da kanumfari da ɗan kanwa, ta nemo zuma ban san daga ina ba, ta riƙa ɗura mini. Ta ce in na kuskura na yi magana za ta ɗaure mini baki da ɗankwali. Ita kuwa ta samu abin da take so, mai sauraro da ba ya iya amsawa. A kwana biyun nan na ji tarihin danginta kaf, tun daga bakin tafki.

A rana ta uku Baffa ya raka ni rumfa da kansa. Da muka hau ya ce, "Da maƙogwaro kake yi. Shi ya sa." Ya dunƙule hannu ya ɗan buga mini a ƙasan cibiya. "Daga nan ake ɗaukowa." Ashe a ƙuruciyarsa fito ya yi, yana ƙetarar da mutane a kwalekwale, kuma daga wannan gaɓa yakan kira na waccan. Ya juya ya fuskanci ruwa, ya buɗe baki ya yi kira ɗaya. Ban taɓa sanin akwai irin wannan murya a cikin mutumin nan ba. Ba ihu ba ne, wani abu ne mai kauri da ya mirgina a kan ruwa har wani masunci can nesa ya amsa. Ya sa na yi ta gwadawa har ya ce, "To." Ya sauka ya tafi. Duk horon da aka ba ni daga baya, a ɗakunan da ke da na'urori da sanyin fanka, bai kai na wannan safiyar ba.

Bayan kamar mako guda, da la'asar, ina tsakiyar maganin tari da Turanci sai na ga kwalekwale ya ɓullo daga cikin ƙyauro. A ciki akwai Baturen gona, ya yi jajur da rana, da malafarsa, da tafintansa a baya. Ya zo ganin ɓarnar tsuntsu ne. Tafintan ya gaya mini daga baya cewa tun daga nesa Baturen ya ce a tsaya, yana jin kamar ana yi masa tallan magani da harshen garinsu daga cikin ciyawa, yana tsoron zazzaɓi ne ya kama shi. Da ya gan ni a kan rumfa, ba riga, da jarida a hannu da alƙalami a maƙale a wando, ya yi dariya har kwalekwalen ya ɗebi ruwa.

Da ya natsu ya yi mini tambayoyi, na amsa. Sai ya ce masu majigi suna Hadejia, wato masu yawo da mota gari-gari suna haska hoto mai motsi a jikin farin ƙyalle, kuma suna neman mai murya wanda zai riƙa yi wa jama'a bayani da Hausa. Ranar Alhamis za su tashi. Ya rubuta 'yar takarda ya miƙo mini. Ranar Litinin ce.

Shinkafa kuwa tana bukatar kwana goma kafin a sa mata lauje.

Kafin magariba labari ya gama gari. Malam Madu ya riga ni isa gidanmu, yana tsaye a zaure yana cewa, "Ba inda za shi! Bulama ya yanke hukunci, yaron nan na jama'a ne. Jiya ma a gidana ya ci." Baffa yana zaune yana gyaran lauje, bai ɗago ba. Ni kuwa zuciyata ta rabu. Ina son tafiyar nan kamar in yi fiffike. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga Baffa yana murza kan shinkafa yana hurawa.

Na gyara murya na ce, "Baffa, na fasa. In na tafi, wa zai tsare gonakin nan? Ba kowa ne zai iya ba."

Har ga Allah da gaske nake, amma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yadda maganar ta fito. Na jira a yaba.

Inna Fanna ta leƙo daga tsakar gida da muciya a hannu. Ta ce, "Akawu, kai kaɗai Allah ya tsaga wa baki?"

Washegari na idar da asuba na nemi jariduna ban gani ba. Na kama hanya ina mamaki. Tun ban kai bakin ruwa ba na ji wata ƙara daga tsakiyar fadama da ta sa na tsaya cik. Da na matsa sai ga Inna a kan rumfata, ta ci ɗamara da gyale, ta riƙe jaridar Turanci a kife, tana zuba wani harshe da ba a taɓa ji ba a duniya. Rabi Barbarci ne, rabi abin da kunnenta ya tsinta daga karatuna, sauran kuma zagi ne da Hausa tsantsa.

"Gudu moni! Tu sifun, tu sifun! Kofi misin, 'ya'yan ɓarayi! Wanda ya sauka sai na ci uwarsa da lamba!"

Jan-baki ya taso kamar kullum, ya doso, ya ji wannan. Ni in na karanta sukan karkata ne su koma gefe. Ita kuwa sai suka yi sama, suka yi ta yin sama, suka miƙe yamma, ban ga inda suka sauka ba. Malam Madu yana tsaye cikin ruwa, baki buɗe. Can ya juyo ya dube ni ya ce, "Habu, Allah ya kiyaye hanya."

Ban san ko daɗi na ji ko haushi ba. Mako uku ina ganin ilimina ne ke korar tsuntsu.

Ranar Laraba Baffa ya ɗauke ni a kwalekwale zuwa inda ake samun hanyar tudu. Ina zaune da akwatina a cinya, takalmi a wuya. Mun yi nisa sosai, ƙauye ya ɓace, amma muryar Inna tana biye da mu a kan ruwa. Baffa ya saurara, ya girgiza kai, ya ce, "Shekara talatin ni kaɗai nake shan wannan. Yanzu an samu masu taya ni."

A Hadejia na samu masu majigi a wani fili, motarsu a gindin tsamiya, da ƙatuwar lasifika a kanta. Shugabansu wani malami ne mai tabarau, ɗan tsaf-tsaf. Ya karanta takardar Bature, ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini wata takarda kan tsabtar rijiya, ya tsayar da ni gaban abin magana. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ba wanda ya gaya mini aikinsa. Na tuna Baffa, na ɗauko daga ƙasan cibiya, na saki muryar gona biyar.

Jemagun da ke kan tsamiya suka watse da rana tsaka. Jakuna uku da aka ɗaure a gefen fili suka tsinke igiya. Wata mai fura ta saki ƙwarya. Direban motar, wanda ke barci a ƙarƙashinta, ya zabura ya buga kai da ƙarfe.

Malamin ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Samari, wa ya yi maka laifi?"

Na ce, "Ba kowa, Malam."

Ya ce, "To wannan na'urar an ƙera ta ne don ta yi maka ihun. Kai magana kawai za ka yi. Ka ɗauka mutum ɗaya ne a gabanka, kuma ba ya son hayaniya."

Mutum ɗaya da ba ya son hayaniya, ai na san shi. Na sa Baffa a gabana yana gyaran lauje, na karanta masa yadda ake rufe bakin rijiya. Da na kai ƙarshe malamin ya ce in kawo akwatina. Daga majigi aka ɗauke ni rediyo, daga rediyo, bayan an samu mulkin kai aka buɗe talabijin, aka zaunar da ni gaban kyamara. Duk shekarun nan, in fitila ta kama, Baffa nake karanta wa.

Bayan wata guda da fara aikin majigi motarmu ta sake biyowa ta Hadejia, sai ga Baffa ya zo nemana da ƙullin sabuwar shinkafa a kafaɗa. An yi yanka lafiya, ya ce, gidajen biyar duka sun samu abin sa wa a rumbu. Na kwance ƙullin na sa hanci, ƙamshin ya sa idona ya ciko. Na tambaye shi mutanen gida, na tambayi Malam Madu, sannan na ce, "Inna fa? Ta huta?"

Ya ce, "Ta hana kowa jaridun. Mutanen gefen yamma ma sun riga sun zo kamun ta saboda baɗi."

Ya miƙe zai tafi, har ya kai bakin fili, sai ya juyo.

"Ta ba ni saƙo. Ta ce ka riƙe aikin nan da kyau, don in suka kore ka, can an riga an cike gurbinka."